Kalmar "immerse": Tsomawa ce, ba ambaliya ba

"Immerse" aikatau ne na Turanci, kuma ana ƙarfafa gaɓarsa ta biyu wajen furuci. Tushensa Latin ne, daga "immergere", wato cusa abu cikin ruwa. Ma'anarsa ta asali ita ce a tsoma abu har ruwan ya rufe shi ɗungurungum. Marini da ya dulmuya zane a rijiyar baba, da majemi da ya tsoma fatar jar akuya a kwatarniya, duk abin da suka yi ke nan. Sunan aikin shi ne "immersion".

Ɗan kasuwa ya fi cin karo da kalmar a jikin kayan lantarki. Gargaɗin "do not immerse in water" da ke kan butar lantarki ko dutsen guga yana hana tsoma su a ruwa ne, bai hana a goge su da ɗanyen tsumma ba. Mai shagon da ya iya fayyace wannan ga mai saye ya rage wa kansa rigimar dawo da kaya.

Inda ma'aikata ke yawan tuntuɓe shi ne wajen haɗa ta da 'yar uwarta "submerge". Galibi akwai niyya a cikin "immerse": wani ne ya ɗauki abu ya tsoma. Ita kuwa "submerge" ta fi dacewa da ruwan da ya zo da kansa ya shanye wuri. A watan Satumba na 2010 Gulbin Rima ya yi ambaliya, ya cinye gonakin fadama, ya kuma yanke hanyar da ke fita daga birnin Sakkwato zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Jami'in da ke rubuta rahoton irin wannan ɓarna "submerged" zai ce. Idan ya rubuta "immersed" za a gane nufinsa, sai dai jimlar za ta yi kama da an ɗauki gonakin da hannu an tsoma su a kwano.

A ma'ana ta aro, kalmar na nufin duƙufa, kuma "in" ce ke bin ta, ba "into" ko "with" ba. "She immersed herself in the accounts" na nufin ta duƙufa kan lissafin. Kuskure ne a fassara ta da shagala, domin shagala tana ɗauke da zargi, alhali a Turancin babu zargin.

Daga nan aka samu "immersion programme", tsarin koyon harshe inda ɗalibi zai zauna cikin masu magana da shi dare da rana. Don haka ne aka kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry a 1991, da na Larabci a Ngala ta Jihar Borno.