Tarihin Garmaho da Faifan Waƙa a Ƙasar Bakura, Mafara da Maradun

Garmaho na'ura ce da ke fitar da sautin da aka tanada a jikin faifai, ta hanyar wata allura da ke bin siririn layin da aka zana a kansa yayin da yake juyawa. Ita ce na'urar farko da ta ba Bahaushe damar sauraren makaɗi ba tare da makaɗin yana wurin ba, kuma ta yi zamaninta a ƙasar Hausa daga wajajen 1930 har zuwa lokacin da kaset ya ture ta. Tarihinta a yankin Bakura, Talatar Mafara da Maradun na ƙasar Zamfara yana da muhimmanci na musamman, domin wannan yanki ya fitar da wasu daga cikin manyan makaɗan Hausa na ƙarni na 20.

Asalin na'urar

A 1877 Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya a Amurka, amma tasa a jikin wani abu mai siffar gwangwani take ajiye sauti. Emile Berliner ne ya zo da dabarar faifai shimfiɗaɗɗe a 1887, wanda za a iya buga dubbai daga uwa guda. Ana yin tsofaffin faya-fayai da wani irin ƙaro da ƙwari ke samarwa a itatuwan Indiya, a haɗa shi da garin dutse. Irin wannan faifai yana da nauyi, yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kuma mai faɗin inci 10 ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti 3 a kowane gefe. Daga 1925 aka fara ɗaukar sauti da makirufo, abin da ya sa murya ta ƙara fitowa sarai.

A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba mai juyawa sau 33 da sulusi a minti, wanda ke ɗaukar fiye da minti 20 a gefe guda. Shekara ɗaya bayan haka kamfanin RCA Victor ya fito da ƙarami mai inci 7, mai juyawa sau 45. Waɗannan iri uku su ne duk wani mai tara faifai ke cin karo da su har yau.

Shigowarta ƙasar Hausa

Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙi a Landan cikin harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa, ya aiko da faya-fayan domin a sayar a kasuwannin gaɓar teku. Ba da jimawa ba kamfanonin Odeon da Parlophone suka fara ɗauka a Legas, daga baya HMV da Decca suka faɗaɗa harkar. Hanyar da garmaho ya bi zuwa Arewa ita ce hanyar da gyaɗa da auduga suka bi zuwa Kudu. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshensa kuma ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Kantunan Turawa irin su UAC da John Holt suka kafu a Gusau, daga nan kayan zamani suka riƙa bin motoci da fatake zuwa kasuwannin yamma, ciki har da babbar kasuwar Talata ta Mafara.

Garmaho ba kayan kowa ba ne a lokacin. Masu mallakarsa su ne sarakuna da hakimai, da ma'aikatan En'e, da malaman makaranta, da attajiran da ke sayen gyaɗa da auduga. Abin da ya sa ya karɓu a karkara shi ne ba ya bukatar lantarki ko batir. Akwati ne mai marfi da mariƙi, ana ɗaukarsa kamar jakar tafiya. Mai shi zai buɗe marfin, ya zura hannun wani a gefe ya murɗa har ya ji ya yi tauri, ya ɗora faifai, ya ɗaura sabuwar allurar ƙarfe, sannan ya sauke kan a hankali a bakin faifan. Idan wanin ya kusa ƙarewa sai muryar mawaƙi ta fara ja tana kauri, dole a sake murɗawa. Allurar kuwa ƙa'idarta gefe ɗaya take yi a jefar, shi ya sa ake sayar da ita ɗari-ɗari ko ɗari bibbiyu a cikin ɗan gwangwani. Wanda ya yi tsumulmular allura faifansa ne ke cinyewa. Tambarin HMV, na kare zaune yana saurare a bakin ƙahon garmaho, ya zama alamar da ko wanda bai yi boko ba yake ganewa.

Makaɗan yankin da matsalar minti uku

Alhaji Musa Ɗanƙwairo an haife shi a ƙasar Bakura a farkon ƙarni na 20, ya tashi a gidan kiɗa, ya yi wa mahaifinsa da yayansa Kurna amshi kafin ya zama uban kiɗi. Ya shahara da kotso a Maradun, ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙa, da 'Yandoton Tsafe, da sarakuna da dama na Arewa, ya rasu a 1991. Sa'idu Faru, ɗan garin Faru ta ƙasar Maradun, shi ne makaɗin Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu a Talatar Mafara, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Ɗan Anace, makaɗin maza, ya ɗaukaka sunan Shago, ɗan damben 'Yar Kofoji ta ƙasar Bakura. A maƙwabta kuma akwai Ibrahim Narambaɗa a Isa da Salihu Jankiɗi a fadar Sakkwato.

Waƙar fada ba ta dace da ƙaramin faifai ba. Tsarinta shi ne jagora ya kafa gindi, 'yan amshi su karɓa, sannan a yi ta jero ɗiya, ana komawa gindi bayan kowane ɗa. A ciki ake kawo asalin basarake da kakanninsa, da kirari, da habaici ga abokan hamayya, da godiyar doki ko riga. Waƙa ɗaya tana iya cin minti 15 ko fiye, kuma makaɗi yakan ƙara ɗiya gwargwadon waɗanda suka hallara. Faifan minti 3 ba ya ɗaukar fiye da gindi da 'yan ɗiya kaɗan. Ga kuma nisa: ɗakunan ɗaukar sauti suna Legas da Ankara, kamfanoni kuma sun fi mayar da hankali ga kiɗan biranen Kudu, inda masu saye suka fi yawa. Makaɗin fada shi ma ba cinikin faifai ne abincinsa ba, ubangidansa ne ke riƙe da shi. Waɗannan dalilai ne suka sa abin da aka ɗauka na makaɗan Zamfara a zamanin faifan 78 bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da yawan abin da suka rera.

Zamanin rediyo da babban faifai

Gidajen rediyo ne suka cike wannan giɓi. Hukumar watsa labarai ta Najeriya, NBC, ta fara aiki a 1957, gidan rediyon Jihar Arewa kuma ya buɗe a Kaduna a 1962. Ma'aikatansu suka riƙa ɗaukar makaɗa a kan zaren naɗi mai tsawo, wanda ke ɗaukar waƙa sukutum. Yawancin muryoyin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da ake ji a yau daga irin wannan taska suka fito. Masu bincike daga waje su ma sun taka rawa. David Ames, Ba'amurke, ya ɗauki kiɗe-kiɗen Hausa a ƙasar Zazzau da kewaye a 1963 da 1964, aka buga su a manyan faya-fayai biyu a cikin jerin UNESCO. A Nijar kuma kamfanin Ocora na Faransa ya fitar da faifan makaɗan gargajiya na ƙasar.

Shekarun 1970 su ne ganiyar faifai a Najeriya. Kuɗin man fetur ya wadata, kamfanonin EMI da Decca da Phonogram suna aiki a Legas, ana kuma buga faifai a cikin gida. Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos suna cikin mawaƙan Hausa da waƙoƙinsu suka fito a manyan faya-fayai masu hoto a bango. An samu na'urori masu aiki da batir, da manyan akwatunan katako masu haɗe da rediyo waɗanda ake ƙawata falo da su. A wannan lokaci ne aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, aka kammala ta a 1978, aikin da ya jawo ma'aikata masu albashi daga sassan ƙasa zuwa Mafara da Maradun, tare da kayan sautinsu da irin kiɗan da suke so. Waƙoƙin finafinan Indiya ma sun samu masoya ta wannan hanya.

Faɗuwar kasuwar

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kafin ƙarshen shekarun 1970 kuma rikoda ta game ƙasar Hausa. Kaset ya fi araha, ba ya tsalle a mota, yana ɗaukar awa guda ko fiye, kuma kowa na iya naɗar makaɗi a wurin biki ko ya kwafi na abokinsa. Wannan ya dace da doguwar waƙar Hausa fiye da faifai. Satar fasaha da tsadar kayan waje bayan matakan tsuke bakin aljihu na 1982 da karyewar naira daga 1986 suka durƙusar da masana'antar. Kamfanonin waje suka sayar da hannun jarinsu: EMI ya koma Ivory Music, Polygram, wato tsohon Phonogram, ya koma Premier. Garmaho ya koma ƙarƙashin gado ko ɗakin shirgi, faya-fayai da yawa kuma suka farfashe a hannun yara.

Tarawa da adanawa

A ƙasashen waje faifan roba ya farfaɗo. A Amurka a 2022 an sayar da faifan roba miliyan 41, abin da ya zarce na CD a karon farko tun 1987. Kamfanin Sahel Sounds ya buga waƙoƙin finafinan Hausa a faifai a 2013, masu tara tsofaffin faya-fayan Najeriya kuma suna biyan kuɗi mai tsoka a kansu. Wannan ya sa dillalai ke kwashe abin da ya rage zuwa Turai da Amurka.

Yanayin yankin ba ya raga wa faifai. Zafin bazara yana lanƙwasa na roba, ƙurar hunturu tana cika layukan, gara kuma tana cin bangon takarda. Ana jera faifai a tsaye, cikin rigarsa, nesa da rana da jikin kwano. Ana riƙe shi ta baki, a share da ƙyalle mai laushi. Ba a goge faifan 78 da sinadari mai giya a ciki domin yana narkar da shi, ba a kuma ɗora allurar ƙarfe ta garmaho mai wani a kan faifan roba, domin sau ɗaya ya isa ta lalata shi.

Kowane tsohon faifan Hausa shaida ce ta tarihi, mai ɗauke da sunayen sarakuna da garuruwa da karin harshen Zamfara kamar yadda ake furta shi a da. Wajibi ne iyalan da suka gaji irin waɗannan kaya su kai su a kwafe a cibiyoyi kamar Gidan Arewa da ke Kaduna, ko Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko sassan nazarin Hausa na jami'o'i, kafin su sayar ko su zubar.