Ƙaramar lasifikar ɗaki mara amfilifaya

Ƙaramar lasifikar ɗaki mara amfilifaya nau'in lasifika ce da ake amfani da ita a gida don sauraron rediyo, karatu, wa'azi, waƙoƙi da sautin talabijin. Akwati ne na katako wanda tsayinsa yawanci bai wuce santimita 25 zuwa 40 ba, kuma ana sayar da ita biyu-biyu, ta hagu da ta dama. Turawa sun laƙaba mata sunan kantar littattafai saboda ƙanƙantarta ta isa a ɗora ta a kan kanta ko tebur. Kalmar lasifika (wasu na cewa sifika) aro ce daga Turanci. Ana kuma kiranta amsa-kuwwa.

Abin da ya bambanta ta da lasifikar Bluetooth shi ne ba a jona ta da wutar lantarki, kuma ba ta da batir. Duk ƙarfin da take aiki da shi yana zuwa ne ta waya daga wata na'ura daban, wato amfilifaya, mai ƙara wa sauti ƙarfi. Saboda haka rabin kayan sauti ce kawai, kuma ba a iya zaɓenta daidai sai an duba amfilifayar da za ta tura ta, da ɗakin da za ta zauna, da irin wutar da ake samu a gidan.

Tarihi

Lasifikar zamani mai maganaɗisu da naɗin waya ta samo asali ne daga aikin Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka, waɗanda suka bayyana ƙirarsu a shekarar 1925. Har zuwa farkon shekarun 1950, duk mai son sauti mai kauri sai ya tanadi ƙaton akwati.

A shekarar 1954 Edgar Villchur ya fito da ƙirar rufaffen akwati, inda iskar da aka kulle a ciki ke riƙe faifan lasifikar tana mayar da shi mazauninsa. Shi da Henry Kloss suka kafa kamfanin Acoustic Research a Cambridge ta jihar Massachusetts, suka fitar da samfurin AR-1, sannan AR-3 a 1958. Daga nan ƙaramin akwati ya fara ba da kaurin sautin da a da sai babba.

A Ingila, injiniyoyin BBC sun ƙera samfurin LS3/5A a tsakiyar shekarun 1970 don sauraron shirye-shirye a cikin motocin watsa labarai, inda wuri ya yi ƙunci, kuma abin da aka fi kula da shi a ƙirar shi ne fitar muryar ɗan Adam. A 1978 kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da NS-10M don amfanin gida, amma daga baya ta zama ruwan dare a ɗakunan naɗar waƙa.

Sassanta

Yawancin irin wannan lasifika na da baki biyu. Babban, wanda ake kira wufa, faɗinsa inci 4 zuwa 6 da rabi ne, kuma shi ke fitar da sauti mai kauri da matsakaici. Ƙaramin, wato tuwita, bai cika wuce inci 1 ba, shi ke fitar da siririn sauti. A cikin akwatin akwai marabar sauti, wadda ke karɓar abin da amfilifaya ta aiko ta raba wa kowane baki nasa, galibi a tsakanin hatz 2,000 da 3,000. Hatz shi ne ma'aunin yawan girgizar sauti a daƙiƙa ɗaya, kuma kunnen matashi mai lafiya na jin daga hatz 20 zuwa kusan 20,000.

Akwatin iri biyu ne. Akwai rufaffe, akwai kuma mai rami a gaba ko a baya, ƙirar da Albert Thuras na Bell Labs ya samu rajistarta a 1932. Mai rami ya fi ba da kauri da ƙarfi kaɗan, amma idan ramin a baya yake kuma aka manna shi da bango, sautin kan cushe.

Alƙaluman da ake dubawa

Turjiya. Ana auna ta da om, kuma a bayan akwatin akan rubuta 4, 6 ko 8. Ƙarancin om na nufin lasifikar za ta fi zuƙar wuta daga amfilifaya. Idan aka haɗa mai om 4 da amfilifayar da aka ƙera don om 8 kaɗai, amfilifayar na iya yin zafi, ta kashe kanta ko ta ƙone. Haka kuma idan aka ɗaura lasifikoki biyu masu om 8 a baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, turjiyarsu ta koma om 4. Idan masu om 4 ne ta koma 2, wanda ya fi ƙarfin yawancin amfilifayoyin gida.

Saurin amsawa. Wannan shi ne ƙarar da lasifika ke bayarwa idan aka ba ta wat 1 aka auna daga nisan mita 1, kuma ana rubuta shi da desibel. Ƙananan lasifikoki kan faɗa tsakanin desibel 83 da 90. Kowane ƙarin desibel 3 na buƙatar a ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu. Misali, mai desibel 87 za ta ba da 90 da wat 2, ta ba da 97 da wat 10, ta ba da 100 da wat 20. Mai desibel 84 sai ta sha wat 40 kafin ta kai 100. Wasu kamfanoni na aunawa da bolt 2.83 maimakon wat 1. A kan om 8 duk ɗaya ne, amma a kan om 4 wannan wat 2 ne, don haka adadin kan fito da ƙarin desibel 3 da ba na gaskiya ba.

Wat. Adadin wat da aka rubuta a jikin lasifika ba ya nuna ƙararta. Yana nuna iyakar abin da za ta iya ɗauka ne kafin ta lalace. A ɓangaren amfilifaya, adadin da ake dogara da shi shi ne mai alamar RMS, wato ƙarfin da take iya bayarwa a ɗore. Mai alamar PMPO, wanda kan kai dubbai a jikin kwali, ba shi da tsayayyen ma'auni. Irin wannan ƙarin gishiri ne ya sa hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta kafa doka a 1974 kan yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifaya. Ƙaramar amfilifaya ma na iya ƙona lasifika: idan aka murɗa ta fiye da iyawarta, sautin kan tsage, kuma wannan tsagaggen sauti ne ke yawan kashe tuwita.

Faɗin sauti. Ƙananan lasifikoki kan sauka zuwa hatz 50 ko 70, daga nan kaurin ya fara raguwa. Masu ƙira na da ƙa'idar da ake dangantawa da Josef Anton Hofmann: ƙaramin akwati, kauri mai zurfi da saurin amsawa ba sa haɗuwa su uku, sai dai a samu biyu a rasa ɗaya.

A ƙasar Hausa

Kayan sauti na shigowa Najeriya sababbi da na hannu, waɗanda ake kira tokumbo. Kasuwar Alaba a Legas na cikin manyan cibiyoyin kayan lantarki, a Arewa kuma akwai kasuwar Sabon Gari ta Kano da babbar kasuwar Sakkwato. Ya kamata a bambanta lasifikar ɗaki da mai siffar ƙaho ta masallatai da wuraren taro, wadda aka ƙera don ta kai murya nesa, ba ta fitar da kauri, kuma ba ta dace da ɗaki ba.

A garuruwan kudancin Sakkwato irin su Boɗinga, Shagari da Lambara, batun wuta kan riga batun sauti. Jihar Sakkwato na ƙarƙashin kamfanin rarraba wutar lantarki na Kaduna ne, tare da jihohin Kaduna, Kebbi da Zamfara, kuma wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Inda wutar ke hawa da sauka, ko ake amfani da janareta, amfilifaya ce ke cikin haɗari, shi ya sa ake haɗa ta da sitabilaiza. Lasifikar ita kanta na iya rayuwa bayan amfilifayarta ta mutu, a sauya mata wata, abin da ba ya yiwuwa cikin sauƙi ga lasifikar da komai nata ke cikin akwati ɗaya.

Ga gidan da ya dogara da sola da batir mai bolt 12, lissafin a fili yake. Amfilifayar da ke aiki da bolt 12 kai tsaye, ba tare da sashen ɗaga wuta ba, ba ta wuce kusan wat 18 a kowane baki a kan om 4, ko wat 9 a kan om 8, ko me aka rubuta a kwalinta. A nan lasifika mai saurin amsawa ta fi mai babban adadin wat amfani. Amfilifaya ajin D, wadda ke mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta sha zuwa ga lasifika, ta fi tsofaffin ajin AB tattalin batir da ƙarancin zafi.

Yanayi ma na da tasiri. Zafin Sakkwato kan haura digiri 40 a watan Afrilu, hunturu kuma na zuwa da ƙura. Zoben soso da ke kewaye da wufa a tsofaffin lasifikoki kan rube da shekaru, na roba ya fi shi daɗewa. Barin ragar gaba a rufe da nisantar da akwatin daga rana na ƙara masa kwana.

Gwaji kafin saye

Hanyar da aka fi amincewa da ita ita ce sauraron lasifikoki biyu ɗaya bayan ɗaya, da amfilifaya ɗaya, da sautin da mai saye ya sani sosai, kuma a daidaita ƙararsu, domin kunne kan ɗauka wadda ta fi ƙara ita ta fi kyau. Ga mai sauraron labarai, tafsiri ko karatun Alƙur'ani, matsakaicin sauti ne ya fi muhimmanci. Layin tarho na da yana ɗaukar hatz 300 zuwa 3,400 ne kawai, kuma ana gane magana da shi. Bambancin s da sh da ts kuwa ya dogara da siririn sauti, don haka idan tuwita ta mutu waɗannan baƙaƙe kan dusashe. Waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo na kotso, ko na Mamman Shata na kalangu, na nuna ko lasifika na raba muryar mawaƙi da ta 'yan amshi da kiɗa, ko tana cakuɗa su.

A kan ta hannu ana duba zoben wufa ko ya tsage, a danna faifan a hankali a ji ko yana gogar wani abu, a kuma kusantar da kunne ga tuwita. Mitar masu gyara kan nuna om 5 zuwa 7 a kan lafiyayyar lasifika mai om 8.

Ajiyewa a ɗaki

Ana son tuwita ta yi daidai da tsayin kunnen mai sauraro, ko a kujera yake zama ko a tabarma. Nisan da ke tsakanin lasifikokin biyu ya yi kusan daidai da nisan kowacce zuwa gare shi. Kusurwar ɗaki na ƙara kauri har ya yi yawa. Bangon siminti da daɓe na mayar da sauti, darduma da labule da katifa na shanye shi. Idan aka juya wayar ɗaya daga cikin biyun, ja a wurin baƙi, kaurin kan ragu ƙwarai.

Lafiyar kunne

Ƙaramar lasifika na iya kai ƙarar da ke cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce awa 40 a mako yana sauraron desibel 80, kuma kowane ƙarin desibel 3 na rage wannan lokaci da rabi. Jin da ƙara ta lalata a cikin kunne ba ya dawowa.