Sinadaran da suka fi ƙaranci a doron ƙasa

Jadawalin sinadarai na ɗauke da sinadarai 118, kuma kimanin 94 daga cikinsu ne ake samu a halitta ba tare da hannun ɗan Adam ba. Wanda masana suka fi ɗauka a matsayin mafi ƙaranci shi ne astatin, mai lamba 85. Ba ya daɗewa: ko nau'insa mafi juriya, rabinsa kan rikiɗe zuwa wani sinadari cikin kimanin awa takwas. Abin da ake samu a cikin ƙasa yana fitowa ne daga lalacewar yuraniyam da toriyam, shi ya sa babu wanda ya taɓa tara adadin da ido zai iya gani. A shekarar 1940 aka fara haɗa shi a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a Amurka, kuma yanzu ana gwada wani nau'insa wajen maganin cutar daji.

Na biye da shi shi ne faransiyam, mai lamba 87, wanda Marguerite Perey ta gano a Cibiyar Curie da ke birnin Paris a 1939, ta kuma raɗa masa sunan ƙasarta, Faransa. Rabinsa kan ɓace cikin kimanin minti 22.

Sai dai ƙarancin da ke juya siyasar duniya yana ga ƙarafan da ake iya haƙowa a sayar. Rodiyam, wanda ake sakawa a bututun hayaƙin mota don rage guba, kimanin kashi 80 cikin 100 nasa daga Afirka ta Kudu yake fitowa. A 2021 farashin oza ɗaya ya haura dala 25,000, wato ya ninka na zinariya fiye da sau goma. Tantalam kuwa, wanda wayoyin salula da kwamfutoci ba sa rasawa, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ce kan gaba wajen samar da shi. A 2024 'yan tawayen M23 suka ƙwace garin Rubaya, ɗaya daga cikin manyan wuraren haƙarsa.

Akwai kuma rukunin sinadarai 17 da ake yi wa laƙabi da "masu wuyar samu", alhali yawancinsu ba su yi ƙaranci ba. Seriyam ma ya kai tagulla yawa. Wahalar tana wajen tacewa, kuma ƙasar Sin ce ke tace kusan kashi 90 cikin 100 na abin da duniya ke amfani da shi.

Nijeriya ma tana cikin labarin. A shekarun 1950 ita ce ta fi kowace ƙasa fitar da kwalambait, ma'adinin da ake ciro niyobiyam da tantalam daga cikinsa, akasari daga tsaunukan Jos. Ɗanye aka riƙa kwasarsa zuwa ƙasashen waje, kuma har yau tsofaffin ramukan haƙar kuza da kwalambait suna nan cike da ruwa a Jihar Filato.