Daga Ɗankama Zuwa Wikipedia: Yadda Waƙar Raha Ta Sami Gurbi A Kundin Sani

A ƙarshen watan Disamba na 1998, waƙar da ta fi kowace kasuwa a Ingila ta wani kuku ce na cikin katun ɗin Amurka mai suna South Park. Kukun yana tallar wasu dunƙule-dunƙulen cakulan masu gishiri da shi ya ƙirƙiro su, da zantuka masu harshen damo waɗanda ba a maimaita su gaban surukai. Mawaƙi Isaac Hayes ne ya ara masa murya. Yau wannan waƙa, Chocolate Salty Balls, tana da shafinta na kanta a Wikipedia ta Ingilishi. Waƙoƙin tashen da yaran Paki da Ikara da Makarfi da Hunƙuyi suke yi tun daga goma ga azumi, waɗanda suka girme ta nesa ba kusa ba, yawancinsu ko suna ba su da shi a can. Dalilin haka yana cikin tarihin yadda aka riƙa zaɓen abin da ya isa a rubuta.

Kafin zuwan boko, abin da ya fi kama da kundin sani a ƙasashenmu shi ne littattafan tarihin malamai. Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda ya rasu a 1627, ya tara tarihin malaman Malikiyya a Nailul Ibtihaj. Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, inda ya kawo bayanin ƙasashe da malamansu da yaƙe-yaƙen jihadi. Mizanin shiga irin waɗannan littattafai a fili yake: ilmi, tsoron Allah, ko mulki. Takarda kuwa sai ta ƙetaro hamada a kan raƙumi, don haka ba a ɓata ta a kan abin dariya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a Kitabul Farƙi, ya sa shagala da kaɗe-kaɗe cikin halayen sarakunan da yake suka. Saboda haka makaɗi da maroƙi suka zauna a bakin mutane, alƙalami ya bi ta gefensu ya wuce.

A can ƙasan wannan jeri akwai 'yan kama. Sana'arsu ita ce kwaikwayon malamai da manyan mawaƙa don a yi dariya. Ɗankama zai gyara murya kamar mai jan baƙi ko mai fassara, ya ɗauko karin wa'azi daidai wa daida, amma inda malami zai ambaci littafi da hukunci, shi sai ya ambaci tuwo da miya da nama da fura. Duniyarsa duka ta ciki ce, haɗama ce aƙidarsa. A kasuwa da gidan biki yake cin abincinsa, jama'a su kewaye shi su yi ta ƙyaƙyatawa, su jefa masa abin da ya samu. Ke nan waƙar barkwanci a kan abinci daɗaɗɗen abu ce a ƙasar Hausa. Abin da ta rasa shi ne mai rubuta ta.

Ƙofa ta fara buɗewa ne ta hannun baƙi, su ma don biyan buƙatarsu. J. F. Schön ya buga Magana Hausa a 1885, wanda ya ƙunshi labaran da ya ji daga bakin Dorugu. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya fitar da littafin tatsuniyoyinsa mai juzu'i uku, wanda malamai suka rubuto masa yawancinsa da ajami. A 1913 R. S. Rattray ya buga nasa tarin, wanda wani Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da yanzu ake kira Gana. G. P. Bargery ya biyo da ƙamusunsa a 1934. 'Yan mishan da jami'an mulkin mallaka suna son harshen ne don wa'azinsu da mulkinsu, kuma sun ga babu inda Hausa take sakin jiki kamar a tatsuniya. Ko da wace niyya aka yi, Gizo da Ƙoƙi sun hau takarda, abin da ba su samu ba a da.

Daga nan aiki ya koma Zariya. Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, littafin da rabin daɗinsa yake cikin wasan ƙeta tsakanin Alhaji da Malam Zurƙe. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945. Raha ta sami shiga aji, amma rahar marubuci ce mai karatun boko. A wannan zamani ne kuma aka yi wani aiki da ya kauce wa al'ada: tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta rubuta tarihin rayuwarta har da waƙoƙin mata na aure da na zaman kishi. Littafin ya fito a 1954. Waƙar da ake yi a tsakar gida ta zama abin da masana suke kafa hujja da shi.

Jami'o'i ne suka ƙarasa ture katangar. M. G. Smith ya yi nazarin roƙo a 1957. A 1967 C. G. B. Gidley ya buga doguwar maƙala a kan 'yankamanci a mujallar nazarin harsunan Afirka ta Jami'ar Landan, ya ɗauki ɗankama a matsayin mai fasaha da ƙa'idojinta. A 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa, bisa binciken da suka yi a Zazzau da Katsina. Dandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiana a 1975 a kan Mamman Shata, sannan a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shatan digirin girmamawa. Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa cikin Hausa, Graham Furniss kuma ya ba 'yan kama da 'yan gambara wuri a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa. Masana sun daina tambayar ko abu yana da mutunci. Sun koma tambayar me yake nunawa game da mutanen da suke yin sa. Wanda yake son sanin yadda talaka yake kallon malami da mai kuɗi, da yadda yunwa take zama abin dariya, zai ƙaru da ɗankama fiye da yadda zai ƙaru da kirarin fada.

Da Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa Wikipedia a Janairun 2001, tsadar takarda ta daina zama uzuri. Sai gardama ta ɓarke tsakanin masu cewa a saka komai da masu cewa a tace. Dabbobin katun na Pokémon suka zama abin misali: idan kowannensu yana da shafi, me zai hana kowane abu? A 2006 Wikipedia ta Ingilishi ta tsayar da ƙa'idar cancanta, a 2007 kuma aka tattara yawancin shafukan Pokémon aka mai da su jeri. Ƙa'idar ba ta duba nauyin abu ko kyansa. Abin da take nema shi ne a ce majiyoyi amintattu, waɗanda ba su da alaƙa da mai abin, sun yi bayani mai tsoka a kansa. Ga waƙa, hawa jerin waɗanda suka fi kasuwa alama ce mai ƙarfi. Wadda ba ta cika sharaɗi ba, sai a ba ta layi biyu a shafin shirin da ta fito ciki. An kuma hana marubuci kawo abin da ya gani da idonsa ko ya ji da kunnensa, matuƙar ba a buga shi a wani wuri ba.

Da wannan awo waƙar kukun nan ta wuce, domin jaridu sun yi ta magana a kanta, an kuma ƙidaya cinikinta. 'Yankamanci ma a matsayin sana'a zai wuce, albarkacin Gidley da Furniss. Amma waƙar wani ɗankama guda da ta tashi kan kasuwar Makarfi, ko wani salon tashe da ba a yin irinsa sai a Paki, za su maƙale a bakin ƙofa. Lamarin kamar na manomin rake ne da ya cika gona amma bai kai kasuwa ba: ba wanda ya ce rakensa ba zaƙi, sai dai dillali ba ya saka wa abin da bai gani ba farashi. An taɓa neman mafita. A 2011 Achal Prabhala ya jagoranci wani gwaji a Indiya da Afirka ta Kudu na karɓar hira da dattawa a matsayin hujja, amma Wikipedia ta Ingilishi ba ta sauya ƙa'idarta ba. Wikipedia ta Hausa, wadda masu sa kai suka cika da dubban maƙaloli, ita ma tana neman majiya ga abin da aka rubuta.

Hukuncin da wannan tarihi ya bayar shi ne, waƙar wasa ta cancanci shiga kundin sani idan an san wanda ya yi ta, da lokacin da ya yi ta, da abin da ta haifar, kuma akwai inda mai shakka zai je ya duba. Rashin nauyinta ba ya hana ta, shahararta a baka kuma ba ta isar mata. Don haka aikin yana kan malaman Hausa na makarantun Ikara da Makarfi da Kudan, da ɗaliban da suke tafiya Zariya da Kano neman abin rubuta kundin digiri. Su naɗi muryoyin tsofaffin 'yan kama da shugabannin tashe tun suna raye, su rubuta sunan gari da shekara, sannan su kai aikin mujalla ko maɗaba'a a buga shi, kada ya ƙare a kantar sashe yana shan ƙura.