Kurkudu, Taron Kano da Tambayar "Ta Yaya Ka Sani?"

A cikin sana'armu ta koyar da kimiyya, inda ake gane malamin ƙwarai shi ne bayan ɗalibi ya ba da amsa. Wani zai ce "daidai ne, zauna". Wani kuwa zai ce "ta yaya ka sani?" A tarurrukan horar da malamai yanzu ana kawo wannan tambaya kamar jiya aka ƙirƙiro ta a Amurka, alhali ta daɗe a hannunmu, kuma Kano na cikin tarihinta.

Da Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik a 1957, hankalin Amurka ya tashi, ta zuba kuɗi wajen sake manhajar kimiyya. Ingila ta bi sahu da shirin Nuffield a 1962. A 1957 ɗin ne kuma aka kafa ƙungiyarmu ta malaman kimiyya, STAN. Sai a 1965 aka zauna a Kano aka ƙaddamar da shirin kimiyyar firamare na Afirka, APSP, da tallafin Amurka.

Darasin shirin da na fi ƙauna shi ne na kurkudu, ƙwaron nan mai haƙa ramin tarko a rairayi, wanda Jos Elstgeest ya tsara yana koyarwa a Tanzaniya. Yaro ya tambayi malam me kurkudu ke ci, malam ya ce je ka tambaye shi da kanka. Yaron ya jefa tururuwa a ramin, ya jefa ɗan guntun ganye, ya tsuguna ya ga wanne za a ja ƙasa, wanne za a watso waje. Idan ya ce kurkudu ya fi son busasshen rairayi, sai a ba shi kwano biyu, ɗaya da jiƙaƙƙe, ɗaya da busasshe. Ba ɗakin gwaji, ba kayan ƙasar waje, amma duk maganar da ya faɗa akwai abin da ya gani a bayanta. A 1970 shirin ya dawo hannun 'yan Afirka da sunan SEPA, hedikwatarsa a Accra, kuma Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta ɗauki irin wannan salo a aikinta na inganta firamare a jihohin Arewa.

Ilimin firamare kyauta na 1976 alheri ne, ba na musu. Sai dai ya cika azuzuwa fiye da ƙima, aka horar da malamai a gurguje, malamin da shi kansa bai taɓa yin gwaji ba kuwa allo da alli zai koma. Jarrabawa ta ƙarasa sauran, domin hadda take sakawa. Ga kuma harshe: yaron da zai iya kafa maka hujja tiryan-tiryan da Hausa, da an koma Turanci sai ya yi tsit. Aikin Babs Fafunwa a Ife, wanda aka soma a 1970, ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon firamare ba su gaza takwarorinsu ba. Ba mu ɗauki darasin yadda ya kamata ba, abin yana ci mini rai.

Duk da haka, masu binciken da suka zo daga baya sun ƙaro abu mai muhimmanci. A 2000 Driver da Newton da Osborne suka ja hankali cewa muhawara kan hujja ba ta samun gurbi a ajin kimiyya. Katherine McNeill da Joseph Krajcik kuma suka raba bayanin ɗalibi gida uku: abin da ya ce, shaidar da ya samo, da dalilin da ya haɗa su. Na ukun ne mai wuya. Ɗalibi zai ce sukari ya fi saurin narkewa a ruwan zafi, ya nuna lokacin da ya auna da agogo, amma ya kasa cewa zafi ne ke ƙara wa ƙwayoyin ruwa motsi.

Shirin horar da malamai na SMASE, wanda aka fara da tallafin Japan a 2006 a jihohin Kaduna da Neja da Filato, ya mayar da gwaji da kayan gida cikin aji. Abin da nake ƙarawa idan ina horar da malamai shi ne su bar yaro ya faɗi dalilinsa da Hausa, 'yan aji su ƙalubalance shi har ya kare kansa, sannan a taimaka masa ya rubuta da Turanci.