Matashin da Muke Cirewa a Mota

A kusurwar rumfar da na gada wurin mahaifina, nan Maine-Soroa, akwai wani buhun gero da ba gero a ciki. Matashin kujerar mota ne cike da shi, irin wanda ake sokawa a saman majingina da ƙarafa biyu. Wani na Toyota, wani na Peugeot, wani ma na manta motar da ya fito. Direbobi ne suka sa aka cire suka bar mini, kowa da cewa zai dawo ya ɗauka. Har yau ina jira.

Mahaifina baduku ne, sirdi ya fara rufewa da fata kafin ya taɓa kujerar mota. A zamaninsa arzikin ƙasar Manga gishiri ne da kanwa. Takarkarai da jakuna da raƙuma ke ɗaukarsu daga kwarurrukan da ke kewaye da mu, su gangara su ƙetare Komadugu zuwa kasuwannin Barno da ƙasar Hausa. Mai hali yana bisa doki. Shi kuwa sirdin wannan yanki, kwacciyarsa ta baya doguwa ce, tana tallafe ƙugun mahayi, kuma Baba yakan ce wanda bai iya cusa wannan wuri ba bai iya sirdi ba. Amma daga ƙugu zuwa sama mahayi ne ke riƙe kansa. Ba wanda ya taɓa tunanin tokare ƙeya, don doki ba ya bugun doki ta baya da ƙarfin da zai karya wuya.

Sai motoci suka zo. Na farkon da na sani manyan motoci ne masu bodin katako, mutum yana zaune bisa buhu, da Land Rover ta ma'aikata mai guntun majingini da bai kai kafaɗa ba. A shekarun 1970 aka shimfiɗa kwaltar da ake kira Route de l'Unité, daga Gure zuwa Ngigmi, da taimakon ƙasar Kanada, ta ratsa Gudumariya da Maine da Diffa. Daga 1975 kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, 504 ta cika tashoshi tun daga Gaidam har Damagaram. A nan sana'ar gidanmu ta juya. Kujera ta yage, soso ya mutu, wa ya iya allura da fata in ba baduku ba? Baba ya sayi keken ɗinki, aka koma kiransa tapisiye, sunan da bai taɓa so ba.

Ina cikin samartaka lokacin da motocin Kwatano suka fara yawa, tsofaffin Turai da ake saukewa a tashar jirgin ruwa a koro su arewa. Kowacce da matashinta a kujerun gaba. Na tuna wani dattijo, ɗan kasuwar tattasai daga Diffa, ya tsaya ƙofar rumfa ransa a ɓace.

“Malam, ka cire mini wannan abu. Tun daga Gure yake turo mini hula kan goshi.”

“Alhaji, a ɗan kwantar da kujerar mana, a gani.”

“A'a, cire shi. Ni ba barci na zo yi a mota ba.”

Baba ya danna maɓallin gindin ƙarfen, ya zare. Shi ne na farko a buhun.

Kuma Alhajin yana da gaskiyarsa. Wanda ya zana abin nan bai san zanna bukar ba, bai san rawani ba, balle ɗaurin ɗankwalin da matanmu ke tara ƙullinsa a ƙeya. Direban haya ma yana da nasa dalili: in ya cire, yana ganin fasinjansa, ana miƙo masa kuɗi ba shamaki, kuma in mutum biyu za su raba kujerar gaba, matashi ɗaya a tsakiya ba ya yi wa kowa amfani. Sunan da muka ba shi ma ya taimaka wajen raina shi. Mun ce matashi, matashi kuwa na mai jin barci ne.

Na daɗe ina cirewa kafin in san tarihinsa. Wani mutum mai suna Benjamin Katz, a Oakland ta Amurka, ya yi rajistar irinsa tun 1921, amma ya zauna abin ado har sai da Amurka ta wajabta shi a sababbin motoci daga 1 ga Janairu 1969. Dalilin likitoci ne. Idan aka bugi mota ta baya, kujera takan ingiza gangar jiki gaba farat ɗaya, kai kuwa mai nauyin kilo huɗu zuwa biyar ya tsaya a baya, wuya ya lanƙwashe kamar bulala. Ba jini, ba karaya a fili, sai ciwon da kan kwana biyu kafin ya bayyana, wani ya yi shekaru da shi. Kamfanonin Suwidin suka ƙara gaba: Saab a 1997 ta fito da wanda ke matsowa da kansa ya tari kai lokacin karo, Volvo ta biyo da nata tsarin a 1998. Daga baya Amurka ta ƙara tsaurara doka, ta ce tazarar da ke tsakanin ƙeya da matashin kada ta wuce milimita 55. Shi ya sa na motocin yanzu ya fi na da tura kai gaba. Da gangan aka yi.

Abin da ya sa na daina cirewa ya faru bayan 2015. A watan Fabrairun shekarar aka kai hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur a jihar Diffa. Duk wanda da yake tafiya kan babur ya koma mota, shingayen bincike suka yawaita, ga rairayi da ke hawa kwalta, ga ramuka. Birki ya zama na ba-zata. Ƙanena yana gaban wata motar haya a hanyar Diffa, sun tsaya a shinge, wata ta zo ta same su ta baya. Ba wani gudu take ba, fitila ɗaya ce ta fashe. Amma wata uku ya yi ba ya iya waiwaye sai da dukan jikinsa, sallama a salla ma da ƙyar. Kujerar da ya zauna, ramuka biyu ne kawai a samanta. Na san motar. Ni na rufe kujerunta.

Yanzu in mutum ya zo da wannan kuka, nakan zaunar da shi tukuna. In kwantar da majinginar baya da ɗan kaɗan, in ɗaga matashin har samansa ya yi daidai da tsakar kansa, don wanda ya tsaya a wuya sharri ne, kai kan karye ta kansa. Tazarar ƙeya kada ta wuce yatsu uku. In soson ya yi tauri nakan buɗe in sa mai laushi a fuska, ƙarafan kuwa ba na lanƙwasa su, ba na kuma juya shi baya kamar yadda wasu yara ke yi. Na wata mota ma ba ya zama a wata sai an dace, don tazarar ƙarafan da tsagar da ke riƙe su sun bambanta. In bai kama ya yi ƙas ba, ranar karo zai nutse. Zancen hula kuwa nakan faɗa wa mutum gaskiya: ya ɗora ta kan cinya har a isa.

Wasu sukan ji, wasu su wuce rumfar gaba a cire musu. Direban da ya san ya bar nasa wurina, ko wurin Baba Allah ya jiƙansa, ya zo da motar mu gwada. Buhun yana nan, kuma ba na karɓar ko dala a kan mayarwa.