Horar da Kare Ya Riƙa Bahaya a Wuri Guda

Magidanta da dama a birane na kiwon kare domin gadi, amma abin da ya fi damunsu shi ne fitsari da kashin da yake warwatsawa a tsakar gida. Lamarin ya wuce ƙazanta. Kashin kare kan ɗauki ƙwayayen tsutsar ciki da ake kira Toxocara canis, waɗanda ke nuna cikin ƙasa a tsawon mako 2 zuwa 4. Yaron da ya kai hannu mai ƙasar bakinsa na iya kamuwa, wani lokaci har cutar ta taɓa masa ido.

Kwikwiyon da bai kai mako 12 ba ba ya iya riƙe mafitsararsa sosai. Ƙa'idar da masu horo suka saba bi ita ce awa ɗaya ga kowane wata na rayuwarsa, wato ɗan wata 3 zai riƙe na kimanin awa 3. Saboda haka ake zaɓar kusurwa guda nesa da madafa da wurin wasan yara, a riƙa kai shi can da zarar ya farka, bayan cin abinci, bayan wasa, da kuma kafin barci. Ciyarwa a ƙayyadadden lokaci na taimakawa, domin cikin da ya saba da lokacin ci yakan saba da lokacin fita. Shinshinar ƙasa da zagaye wuri alamu ne cewa ya matsu.

Idan ya yi a inda ake so, sai a yaba masa nan take tare da ɗan guntun nama, domin kare na danganta lada ne da abin da ya aikata a daidai lokacin. Duka ko cusa masa hanci a cikin kashin ba sa koya masa komai illa tsoron mai shi, sai ya koma ɓuya yana yi. Wurin da ya ɓata a wanke shi sarai, a guji sinadarin wanki mai ammoniya, domin warinsa na kama da na fitsari, yakan kuma janyo karen ya dawo.

Yawancin kwiyakwiyai na ƙwarewa cikin wata 4 zuwa 6, wasu kuwa sai sun kai shekara. Babban karen da aka sayo ana fara masa ne daga tushe kamar kwikwiyo, duk da cewa ya fi iya riƙewa. Amma karen da ya riga ya horu, sa'annan kwatsam ya soma ɓata gida, likitan dabbobi ya kamata ya gani, domin ciwon mafitsara, na ƙoda ko na sukari na iya zama sanadi.

A riƙa kwashe kashin kullum, a kuma ba kare maganin tsutsa bisa shawarar likita.